A Kashe Ake Gwada Jirgi

Solomons, Maryland
3 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga Kyaftin Ardith Tolley,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ina roƙon ki yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Sau uku ina yaga takardar kafin wannan.

Sunana Leanne Suttles, shekarata goma sha shida. Ina cikin ɗaliban da kika yi wa bayani a watan jiya, ranar da malamin kimiyya ya gayyato ki makarantarmu kika yi magana a kan ruwan sanyi da rigar ceto. Ni ce ta layin baya kusa da taga. Na ɗaga hannu sau ɗaya, sai na sauke kafin ki gani. A wurin malamin na karɓi adireshinki.

Maganar mahaifina ce ta sa na rubuto. Mu mutanen Tennessee ne, bara muka dawo nan saboda Mama ta sami aikin jinya. Baba mai gyaran wutar lantarki ne, amma shekara talatin ya yi yana fatsa a tafkunanmu na can, kuma a nan zuciyarsa take. Da za mu taso ya sayar da jirginsa na ruwa, ya ce ba komai. Tun da muka zo ya koma wani mutum dabam. Ya je aiki, ya dawo, ya ci abinci, ya zauna gaban talabijin, wani lokacin ma bai kunna ta ba.

Makonni uku da suka wuce wani abokin aikinsa ya nuna masa hoton kifin nan mai zane a jiki da kuke kira rok. Ya ce masa in sanyi ya fara shigowa manyan sukan sauka can ƙasan hanyar manyan jirage, zurfin ƙafa saba'in, kuma da koton ƙarfe ake kama su. Ran nan Baba ya shigo gida yana waƙa. Ya fito da sandunan fatsarsa daga kwali, ya baje su a teburin cin abinci, Mama ba ta ce masa ya kwashe ba.

Yanzu ya sami jirgi. Wani Mista Gentry ne ke sayarwa, kuma irin wanda Baba ya saba da shi ne: ja mai ƙyalli, da ƙaton inji, da kafet, da kujera a kan sanda can gaba bisa wani dandamali inda mai fatsa ke zama. Suna can suna hira na ciro rula daga jakata na auna. Daga dandamalin zuwa bakin jirgin inci uku ne. Ba abin da mutum zai riƙe.

A mota na ce, "Baba, ba ka ganin ya yi ƙasa da yawa?"

Ya yi dariya ya ce, "'Yar rula, ruwa ai ruwa ne. Wanda ya jiƙa ni a Tennessee shi zai jiƙa ni a nan."

Da muka zo gida Mama ta ja ni kicin ta ce, "Ki bar shi, Leanne. Rabona da jin dariyar nan tun muna ɗaure kaya."

Gaskiya ta faɗa. Amma ni na kasa manta abin da kika ce, wai a ruwan Nuwamba minti goma ya isa hannun mutum ya daina yi masa biyayya.

Ƙarshen watan nan zai karɓi jirgin. Tambayata ita ce: wannan jirgi zai iya zuwa inda Baba yake son zuwa? In zai iya, ki gaya mini in yi shiru in daina zama matsoraciya. In ba zai iya ba, yaya zan faɗa masa ba tare da na mayar da shi kan kujerar nan ba? Ba na son ya nutse, kuma ba na son ya daina waƙa.

Na sako ambulan mai kan sarki don kada in ɗora miki wahala. In ba ki da lokaci, zan fahimta.

Ki huta lafiya.
Taki mai ladabi,
Leanne Suttles


Tsibirin Hoopers
8 ga Oktoba

Leanne,

Na gaishe ki, na gaida mutanen gidanku. Takardarki ta zo ran Alhamis, a tsaye na karanta ta bakin akwatin wasiƙa, kaji na bina suna zagina.

Da farko ki bar ce mini Kyaftin. Kyaftin mijina ne Wendell, yana kwance bayan coci shekara shida ke nan. Ni Mis Ardith ce, duk da dai ni nake riƙe sitiyari shi yana can yana zuba wa baƙi labarin ƙarya. Na biyu, na ga hannunki. Na jira ki sake ɗagawa har wani yaro ya tambaye ni ko na taɓa ganin gawa.

Ba matsoraciya ba ce ke. Yarinyar da ke yawo da rula a jaka ta fi rabin mazan da na ɗauka a jirgi hankali.

Jirgin nan ba shi da laifi. Na san irinsa, jirgin kirki ne, amma na tafki. Matsalar tana wurin yadda ake kama kifin da mahaifinki yake so. Rok na ƙasa ba a gudu ake samunsa ba. Sai ka je inda ƙasan ruwa ke gangarawa daga ƙafa arba'in zuwa tamanin, ka ga tarinsu a na'urar auna zurfi, ka wuce su kaɗan, ka kashe inji. Sai ruwa ya ɗauke ka ya bi da kai ta kansu. Ka saki 'yar dalmarka ta koto mai gashin wutsiyar barewa har ta taɓa ƙasa, ka ɗaga, ka bi ta ta sauka, zarenka a tsaye. Duk wannan a tsaye kake yinsa, hannuwanka biyu a kan sanda, kuma jirgin da aka kashe wa inji ba ya fuskantar igiyar ruwa. Gefe yake ba ta, ko baya. A tafki wannan ba komai ba ne. A nan, in ruwa na janyewa zuwa teku iskar kudu ta tare shi, cikin rabin awa sai ki ga wurin da ya yi lumui da safe ya miƙe tsaye.

Mai sayar da jirgi kullum da safe yake fita da kai, ya taka inji, iska ta cire maka hula, ka dawo kana murmushi. Mu nan ba haka muke yi ba. A kashe muke gwada jirgi, da la'asar, a wurin da za a yi aikin. Wendell ya taɓa sa wani mai sayarwa ya zauna minti ashirin a haka har mutumin ya amayar da abincin ranarsa, sannan Wendell ya sayi jirgin.

Kada ki ce wa mahaifinki ya yi kuskure. Mutumin da ya shekara talatin a ruwa ba ya jin maganar 'yarsa, balle ta tsohuwa. Maganar ruwa kawai yake ji. Ki ce masa dai ya gwada kafin ya karɓa, ya kashe inji a bakin gangaren, kuma kada ya je sai da wani jirgin a kusa. Ɗan ƙanena Norwood yana da jirgin ƙaguwa, ba ya aiki ran Asabar da rana. Ta mota awa uku ce tsakanina da ku, amma ta ruwa kusan a tsakiya gangaren yake.

Ki ci abinci, ki yi barci. Wata bai ƙare ba.

Mis Ardith


Solomons
12 ga Oktoba

Mis Tolley,

Barka da war haka, da fatan kina lafiya.

Ni ne Royce Suttles. Ni na ɗauko wasiƙu ran Talata, na tambayi 'yata wa ta sani a ƙetaren ruwa. Leanne ba ta iya ƙarya ba, sai ta fashe da kuka ta miƙo mini takardar. Na karanta, har da wurin da aka ce ba na jin maganar tsohuwa.

An yi mini tarbiyyar girmama manya, don haka zan taƙaita. Tun ina shekara tara nake tuƙa jirgi. Na taɓa fitowa daga tafki cikin guguwar da ta tumɓuke rumfunan mutane, da ni da ƙanena, a jirgin da bai kai rabin wannan ba. Ban zo Maryland don a koya mini inda gaban jirgi yake ba. Kuma ban ji daɗin a ce 'yata ta kai maganar gidana wurin wadda ban taɓa gani ba.

Amma yarinyar ta daina cin abinci, uwarta kuma ta fara kallona ta gefen ido. Saboda su zan yi gwajin naki. Gentry ya yarda. Ki faɗi rana, ki faɗi wuri. In na tsaya a jirgin nan na ciro rok daga ƙafa saba'in, ina so ki rubuta wa 'yata da hannunki cewa ubanta ya san abin da yake yi.

Na gode.
Royce Suttles


Tsibirin Hoopers
15 ga Oktoba

Mista Suttles,

Lafiya lau nake, ban da gwiwa. Na gode da tambaya.

Asabar, ashirin da biyu ga wata, ƙarfe biyu na rana, a jar gangar alama mai ƙararrawa da ke gabas da bakin koginku. Za ka ga farin jirgi mai warin ƙaguwa da wata tsohuwa cikin rigar leda mai ruwan lemo. In iska ta wuce misali zan aiko ta rediyo a fasa, ba kashe ka nake son yi ba.

Sharaɗi biyu. Kai da Gentry ku sa rigar ceto, a ɗaure, ba a ƙarƙashin kujera ba. Kuma Leanne ba za ta shiga jirgin nan ba.

In ka kama kifin zan rubuta mata, har in ja layi a ƙarƙashi. Na sha cin maganata, ba ta taɓa ɓata mini ciki ba.

Game da yarinyar kuwa, ba ta kai ƙararka ba. Shafi biyu ta cika, ba kalma ɗaya ta raini. Abin da ta fi tsoro bayan mutuwarka shi ne ka daina waƙa. Ni da ba ni da 'ya, da na sami wadda za ta yi mini haka da na dafa mata abin da take so.

Ka zo da safar hannu.

A. Tolley


Solomons
25 ga Oktoba

Mis Ardith,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan gwiwarki ta yi sauƙi. Ki gafarce ni da na sake damun ki.

Abu na farko godiya. Baba ya dawo. Tun ƙarfe ɗaya ran Asabar nake zaune a matakalar ƙofa da littafin tarihi a cinya, ban juya shafi ko ɗaya ba. Da na hango motarsa ta shawo kwana wajen biyar da rabi, sai na ajiye littafin na kifa kaina a gwiwa. Ban taɓa sanin mutum na iya gajiya don murna ba. Kuma na ji Mama a waya tana gaya wa ƙanwarta cewa ba za a sayi jan jirgin ba. Ran nan na ci abinci faranti biyu.

Amma ina tsoron abu na biyun ya faru.

Ya shigo wandonsa jiƙe har ƙugu, babu hularsa, babu kifi. Mama ta ce, "To, Kyaftin, ina miyar tamu?" Bai yi dariya ba. Ya dube ni ya daɗe, kamar zai yi magana, sai ya wuce wanka. Ran Lahadi bayan coci ya kwashe sandunan daga teburi ya kai gareji. Jiya na kai masa gahawa na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce, "Ba ki yi komai ba, 'yar rula," ya shafa kaina ba tare da ya dube ni ba. Da yamma kuma sai ya ɗauki mota ya fita, ba ya faɗin inda za shi.

Ban san abin da ya faru a ruwan ba. Ba na iya tambayarsa. Shin an yi masa dariya? Shin ya ji kunya ne har ya haƙura da fatsa gaba ɗaya? In haka ne, to ni na jawo, kuma gara in sani.

Don Allah ki gaya mini gaskiya ko da ba daɗi.

Taki mai ladabi,
Leanne


Tsibirin Hoopers
29 ga Oktoba

Leanne,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta. Zauna ki ji, kuma ki daina neman gafara a kowane layi, kina ƙarar da tawada a banza.

Sun iso kafin biyu. Sai da mahaifinki ya zagaye mu sau uku a guje, yana tsaye yana ɗaga mana hannu. Norwood ya ce, "Gwaggo, wannan jirgi ne ko motar amarya?" Na ce masa ya rufe baki. Gaskiya mutumin ya iya tuƙi, yadda yake yanka igiyar ruwa na san ba baƙon sitiyari ba ne.

Ruwa ya fara janyewa, iskar kudu ta ɗan taso, ba da yawa ba, irin wadda mu ba ma ko ambatonta. Na'urar Norwood ta nuna kifi jibge a ƙafa sittin da takwas. Na ɗaga murya na ce, "Mista Suttles, ga su nan ƙarƙashinka. Kashe!"

Ya kashe. Ya hau dandamalin nan nasa da sanda a hannu, kamar fasto zai hau mumbarin coci. Jirgin ya juya a hankali ya ba igiyar baya. Ta farko ta ɗaga shi ta sauke. Ta biyu ta leƙo. Ta uku ba ta yi sallama ba, ta hau ta baya ta cika wa Gentry takalma. Gentry ya ce, "Ai ba komai, famfo zai fitar!" Kafin ya rufe baki ta huɗu ta shigo, kular abincinsu ta fara yawo a tsakar jirgi. Mahaifinki ya saki kotonsa duk da haka, taurin kai gare shi, amma sai jirgin ya yi wata girgiza, ya zube a gwiwa, ya kai hannu zai riƙe wani abu, babu abin riƙewa. Hularsa ce ta tafi a madadinsa.

Norwood ya riga ya matso da ƙugiyar jawo jirgi a hannu. Ba a kai ga haka ba. Mahaifinki ya rarrafo, ya ture Gentry daga sitiyari, ya tada inji, ya juya gaban jirgin ga igiyar, duk cikin ƙiftawa kaɗan. Gentry kuwa yana ta kwarfe ruwa da murfin kula yana cewa, "Ni fa dama a kogi kawai nake hawansa."

Ba wanda ya yi dariya. To, Norwood ya ɗan yi, na taka masa ƙafa.

Muka raka su har cikin kogi, muna tare musu iska. A tashar jiragen ruwa mahaifinki ya sauko zai wuce mota ko kallona bai yi ba. Na ce, "Ina za ka? Saura awa guda ruwa ya tsaya, kifin na can. Ko a Tennessee mutum kan gudu ya bar kifi?" Ya tsaya, ya juyo, ya hau jirginmu.

Muka koma gangaren, Norwood ya kashe inji. Igiyar tana nan yadda take, amma gefen jirgin ya kai wa mahaifinki cinya. Na ga ya jingina da shi, ya saki hannu biyu, ya dubi ƙafafunsa a bushe.

Sau uku ruwa na bi da mu ta kan kifin bai sami ko taɓi ba, don fizga yake yi kamar yana korar kare. Na kama gwiwar hannunsa na ce, "Ɗaga. Yanzu bi ta a hankali, kada zaren ya yi sako-sako. A saukowa yake ɗauka, kuma ba zai ja ka ba, ɗan ƙwanƙwasa kawai za ka ji." A karo na huɗu na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya ɗaga, sandar ta lanƙwashe har ruwa. Leanne, ihun da mutumin nan ya yi, tsuntsaye sai da suka tashi. Inci talatin da huɗu. Ya rungume kifin a ƙirji kamar jariri, yana dariya yana cewa, "Mis Ardith, dubi kafaɗunsa! Dubi kafaɗunsa!"

A hanyar komawa ne dariyar ta tsaya. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Kin san wa na yi niyyar ɗorawa a kan dandamalin nan ranar farko? Har ƙaramar sanda na saya mata, tana ƙarƙashin gado." Sai ya rufe fuska da hannu. Na ba shi gahawa daga filas na bar shi.

To kin ji. Ba haushinki yake ji ba, kuma ba fatsa ya bari ba. Duk sanda ya dube ki, wurin nan yake gani inda hularsa ta faɗa. Ki ba shi kwanaki.

Kifin kuwa ni ya ba, ya ce bai cancanci ya shiga da shi gida ba. Ban yi masa gardama ba. Na gasa shi da dankali da naman alade, kwana uku muna ci.

Inda yake zuwa da yamma ya roƙe ni kada in faɗa. Abin da zan iya cewa kawai, sau huɗu ya kira ni a waya makon nan, kuma ya fi ki yawan tambaya.

Na yi alkawarin in ya ciro rok daga ƙafa saba'in zan rubuta miki. Ba a jirgin da ya ce ba ne, kuma saura ƙafa biyu, amma ga shi: ubanki ya san abin da yake yi. Na ja layi.

Mis Ardith


Solomons
14 ga Nuwamba

Mis Ardith,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Mama da Baba. Zan yi ƙoƙari kada in nemi gafara.

Ran Juma'a na dawo daga makaranta na tarar da wani abu a ƙofar gida bisa tirela. Fari ne da ya koma ruwan toka, babu kafet, babu ƙyalli, cikinsa mai zurfi, sitiyari a tsakiya. Mama ta zagaya shi ta ce, "Royce, wannan ai bahon wanka ne." Baba ya ce, "Bahon ne ya ci jarrabawa." Ashe jirage shida ya duba, uku ya fita da su, kuma kowane sai da ya ce wa mai shi ya kashe inji a bakin gangaren. Ɗaya ya ƙi kashewa, Baba ya ce to a mayar da shi tasha.

Sai ya dube ni, sosai wannan karon, ya ce, "Ina rular?" Na ciro. Inci ashirin da shida daga inda ake tsayawa zuwa baki. Ya ce, "Ya yi, ko in mayar?" Na ce ya yi.

Ran Asabar muka fita, kowa da rigar ceto a ɗaure. Ya miƙo mini sandar ƙarƙashin gado, na yi kamar ban san da ita ba. Da ya kashe inji sai jirgin ya juya ya ba igiyar gefe, ya ɗaga, ya sauka, shi ke nan. Na jira ta uku, na jira ta huɗu. Ba abin da ya shigo. Baba ya kama gwiwar hannuna ya ce, "A saukowa yake ɗauka," da irin muryarki har da ɓata fuska. Na ji ƙwanƙwasar. Nawa inci ashirin da biyu ne kawai, amma ya ce kafaɗunsa sun fi na nasa. Duk hanyar dawowa waƙa yake yi, kuma har yanzu bai iya ba.

Akwai abu ɗaya da ya dame ni. Norwood ya gaya masa a nan sunan mace ake sa wa jirgi. Jiya bayan coci ya ɗauko fenti, yanzu an rubuta MIS LEANNE a bayan jirgin da haruffa kamar tafin hannu. Duk wanda ke tasha zai karanta. Na roƙe shi ya sa naki, ya ce ya tambaye ki, kin ce in ya kuskura za ki huda jirgin.

Yanzu ba ni da wata matsala da zan kawo miki, don haka ba ni da hujjar rubutu. Amma tambayar da na ɗaga hannu zan yi ran nan ba ta Baba ba ce. So nake in ji yadda aka yi kika fara riƙe sitiyari, da ko kin ji tsoro. In ba zai zama takura ba, za ki yarda in sake rubuto miki?

Na sako ambulan.

Taki,
Leanne